Yadda Na Wanke Tanti Nada

Da na bar wannan zance ya bi ni kabari, in ba don abin da ya samu Rabi a La Courneuve, can gefen Paris, ba. Ta je suna gidan wata ƙawarta, tana zaune tana cin shinkafa, sai wata tsohuwa da ba ta taɓa gani ba ta tambaye ta ɗiyar wa ce. Da ta ce ɗiyar Hadiza ce ta Malam Mutari, na Liyon, sai matar ta ajiye cokali ta ce, au, wadda ta yi wa kafira salla. Rabi ta kira ni a talho tun daga bakin tasha. Abin ya fi shekara goma da faruwa, amma ga shi ya hau jirgin ƙasa har Paris, ya ƙara ƙiba a hanya. Shi ya sa na zauna in rubuta muku, ke Rabi, da Sani, da Nafisa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na wata tara a Damagaram. In kun ga harafi ya karkace ku gyara shi, amma kada ku gyara maganar.

Shekarar da aka bar faranka aka koma yuro muka samu ɗaki a Vaulx-en-Velin, gefen Liyon, hawa na shida. Babanku yana tuƙa kamiyon, babbar motar kayan lambu, tsakanin kasuwar Rungis ta Paris da Liyon, sai ya yi kwana biyu ban gan shi ba. Ni kuwa kun san ni, ba mai fita ba ce. In ka ba ni tukunya da wanda zan yi wa surutu, to, duniya ta ishe ni. Tukunya ina da ita, wanda zan yi wa surutu ne babu. A kwana na huɗu, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wata doguwar mata farar fata, gashinta fari an yanke shi kamar na namiji, riƙe da faranti. A kan farantin akwai ƴar tukunyar tagulla mai dogon hannu da ƙananan kofuna uku marasa mariƙi. Ta nuna ƙofar da ke kallon tamu, ta nuna ƙirjinta ta ce Nada, ta wuce ni ta shiga ta zauna a kan akwatin da ban kwance ba tukuna. Faransancinta a karye yake, nawa ma haka, don haka muka fahimci juna da wuri. Ta zuba kafe a kofi uku, alhali mu biyu ne.

"Wannan na wa?" na ce.

"Na wanda zai zo."

"Wa zai zo?"

"Ina na sani? Shi ya sa ake zubawa."

Ba wanda ya zo. Kofin ya huce, ta zubar da shi, washegari ta sake zubawa. Haka muka yi shekara tara. Ita ta koya mini a ciji sukari a ajiye a baki, sannan a kurɓi kafen a kai. Ta ce a garinsu kafe uku ake yi wa baƙo: na maraba, na hira, da na uku, tsararo, wanda in an kawo maka shi ka san lokacin neman takalminka ya yi. Na ce mu ma shayinmu zubi uku ne, sai dai na ukun shi ya fi zaƙi. Ta yi dariya har da tari ta ce shi ya sa baƙinmu ba su tashi. Ita ke kirana komshiya, wato maƙwabciya a bakinsu, ku kuma kuka tashi kuna ce mata Tanti Nada.

Ranar da babanku ya fara tarar da ita a ɗakinmu, bayan gaisuwa ya tambaye ta ƙasarsu. Ta ce Yugoslabiya. Shi mai sauraron rediyo ne, sai ya ce, cikin ladabi dai:

"Madam, ai wannan ƙasa ta watse."

"Na sani, Monsieur Mutari. Ina gida lokacin da ta mutu."

Tarihin ƙasar nan a bakinta na koye shi, gutsure-gutsure, ina yankan albasa tana tsince mini shinkafa. Takan ɗaga yatsu shida ta ce jumhuriya shida ce aka haɗa aka yi gida ɗaya bayan yaƙin Jamus, ta lissafo su, ni kuma in maimaita har na haddace: Sarbiya, Kuroshiya, Bosniya, Sulobeniya, Makedoniya, Montenegro. Babanta Basarbe ne, daga gidan Kirista masu limamai da dogon gemu. Uwarta Musulma ce, sunanta Fata. A daji suka haɗu, duka biyun da bindiga a kafaɗa suna korar Jamusawa, da aka gama yaƙi suka yi aure a gaban ma'aikacin gwamnati, ba coci ba masallaci. Da aka haife ta suka nemi sunan da ba wanda zai ji ya gane ɓangarenta, suka sa mata Nada. Ita kuma ta girma ta auri Ante, Bakuroshe ɗan Katolika, wanda suke aiki tare a masaƙar auduga ta garin Mostar. Ta ce a lokacin ba abin a duba ba ne. A benensu ana rina ƙwan bikin Ista sau biyu don Kiristocin iri biyu ne, a ci baklaba, irin alkakinsu, ranar salla, ranar ɗaya ga Mayu kuma, ranar ma'aikata, kowa ya ɗauki tukunyar wake a tafi bakin kogi. Ta ce masaƙar ta ma'aikata ce, har ɗaga hannu suke yi a taro a kan wanda zai zama darakta. Masaƙar ta ba su ɗaki, ta kai su bakin teku kowane rani. Tana da shekara goma sha bakwai ta tafi aikin gayya na matasa, suka yi wata biyu suna tura baro suna gina hanya, da maraice a yi waƙa. Tana da jan fasfo da take ajiye a cikin gwangwanin biskit, ta ce da shi za ka shiga gabas ka shiga yamma ba mai tare ka. Ta taɓa nuna mini hoton wani baƙin saurayi a teburin gidansu, ɗalibi daga Mali, ta ce uwarta ta ciyar da shi shekara biyu don ya rame.

Ɗiyarta Vesna, wadda ke aikin jinya a Paris tana zuwa duk ƙarshen wata, ba ta yarda da wannan labari duka ba. In ta tarar da mu uwar na cikin yabon ƙasar, sai ta ajiye jaka ta juyo wurina.

"Tanti Hadiza, ta faɗa miki ƙanin babanta? Wasa ya yi a kan shugaba a wurin shan shayi, aka kai shi wani tsibirin duwatsu shekara uku. Ya dawo ba haƙora. Ta faɗa miki lokacin da kafen nan nata ya ɓace a kanti, sai an je Italiya a sayo?"

"An yi," in ji Nada. "Ban ce aljanna ba ce. Na ce ba wanda ya taɓa tambayata wace ce ni kafin ya sha kafena."

Daga nan sai su koma yarensu, su yi ta yi, ni ina tsintar kalmomi. Babanku da na ba shi labari sai ya ce abin mamaki, mu mutane ɗaya ne aka ja layi tsakanin Damagaram da Daura aka ce ƙasa biyu, su kuma mutane iri-iri aka haɗa aka ce ƙasa ɗaya, kuma daga mu har su ba wanda aka bari ya zauna lafiya da abinsa.

Yaƙin watsewar kuwa sau ɗaya ta ba ni shi a jere. Kogi ne ya ratsa garinsu, aka wayi gari wannan gefe na masu coci, wancan na masu masallaci, mutanen babanta kuma suna kan duwatsu suna harbo gari. Sojojin wannan ɓangare suka zo ƙofarta suka ce ke wace ce, ta ce ƴar Yugoslabiya. Suka ce babu wannan, zaɓi. Na wancan ɓangare ma da ta tsallaka neman dangin uwarta haka suka ce mata. Ante ya fita ɗebo ruwa da jarka biyu, bam ya same shi a hanya. Maƙabarta ba ta isuwa, sai aka binne shi a filin da yara ke lilo. Ta ce ranar da tsohuwar gadar garin ta faɗa kogi ba ta yi kuka ba, ta dai daina jin ita ƴar wani wuri ce. Da aka sake gina gadar, muna tare a ɗakina aka nuno ta a tele, fara fes. Ta kalla ta ce ta yi kyau, ta tashi ta ɗora kafe.

Akwai abu ɗaya da sai na faɗa muku, don a kansa rigimar ta tsaya. Nafisa tana jaririya tana da kukan ciki, ba mai iya lallashinta sai Nada. Wata rana ina wanke-wanke na ji tana jijjiga ta tana wani gunguni, kunnena ya kama. Na tsayar da ruwa na saurara. Ƙulhuwallahu ce. Ta lanƙwashe, wasu kalmomin sun cinye juna, amma ita ce daga farko har ƙarshe. Na fito hannuna da kumfa na ce mata kin san abin da kike karantawa? Ta ce kakarta ta wajen uwa ce ke yi mata in tana zazzaɓi. Na gaya mata Alƙur'ani ne, cike da murna. Ta ce ta sani. Ta ce tana iya wanda kakarta ta wajen uba ke yi ma, da gicciye hannu a ƙirji, shi ma tana yi wa jarirai in wannan bai yi aiki ba.

"Na kakannina ne, komshiya, ina son su don nasu ne. Ni ban iya imani ba. Ba a koya mini ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba."

Na yi mata nasiha a lokacin, na sake yi bayan shekara, ta saurara da kyau ba ta yi fushi ba, ba ta kuma canza ba. Na bar wa Allah, na ci gaba da yi mata addu'ar shiriya.

Kun san a lokacin ina cikin mata uku masu wankan gawa a jama'armu ta Liyon. Hajiya Zeinabu, mutuniyar Tawa, ita ce babbarmu, ita ta koya mini tun daga naɗe hannu da ƙyalle har ɗaurin likkafani. Kada ku taɓa jin na zage ta, mace ce mai tsoron Allah da ta wanke mata da yawa ba ta karɓi ko sisi ba. Ni abin da aka san ni da shi ruwa ne. A ɗakin gawa na nan akwai famfo, amma ni daga gida nake dafa ruwan magarya in cika tarmos huɗu, in je in surka, in tsoma gwiwar hannuna kamar za a yi wa jariri wanka. Hajiya takan yi mini tsiya ta ce Hadiza, mamaci ba ya jin sanyi. In ce Hajiya, ni ina ji. Duk ranar da aka kira ni, Nada ke riƙe ku. In na dawo in tarar da kafe a kan wuta, ba ta tambayata komai.

Shekarar da Rabi ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ciwon daji ya kama Nada a huhu. Wata biyar aka yi. Ni da ban san lambar bis ba na haddace hanyar asibiti, kullum bayan azahar ina can da kafe a tarmos, ko da ƙamshin kawai take iya sha. Wata ranar Alhamis ta sa Vesna ta fita, ta kama hannuna. Ta ce tana da shekara goma kakarta Musulma ta rasu, ta leƙa ta taga ta ga wata maƙwabciya tana wanke ta a tsakar gida, tururi na tashi, matar tana yi mata magana a hankali kamar mai rai. Ta ce tun da ta zo Faransa abin da take tsoro ɗaya ne, maza biyu da safar roba su juya ta a kan ƙarfe da ruwan sanyi.

"Ke za ki wanke ni, komshiya. Da ruwanki mai ɗumi."

Na ce mata wankanmu na Musulmi ne, yana da niyya yana da sharaɗi.

"Ban ce na Musulmi ba. Na ce ke. Kuma ki ji na biyun. Za su zo su ce in zaɓa, na gaya miki ko a kabari ba su bari. In aka sa ni wajen uwata, Ante da babana suna ƙetaren kogi. In aka kafa mini gicciye, uwata na ƙetare. Shekara goma sha takwas na ƙi zaɓa da raina, kada ki bari a zaɓa mini don bakina ya rufe."

Na ce to. Wallahi ban auna nauyinta ba lokacin da na faɗe ta.

Ta rasu ranar Talata da safe. Kafin azahar talhon Vesna ya ɗau zafi. Dangin uban Nada daga Sarbiya suka ce a nemo limamin cocinsu, dangin mijinta suka ce fada na Katolika, wata ƴar ƙanwar uwarta daga Bosniya tana kuka tana cewa ɗiyar Fata ce, a yi mata salla. Vesna don ta huta da su ta tambaya. Masu coci suka ce ina takardar baftisma, babu. Liman ya ce ba ya ƙi, amma a samo wanda zai shaida ya san ta da Musulunci. Ƙasar da ta san yadda ake binne irin Nada, da ƴan busa da jawabin abokan aiki da tauraro a kan dutse, ta riga ta mutuwa. Vesna ta zauna a kujerar ɗakina ta ce ta gaji, duk wanda ya yarda ya ɗauke ta a ba shi.

Da la'asar Hajiya Zeinabu ta hau hawa shida da ƙafarta, don asansar, na'urar hawa bene, ya lalace, ta zo mini gaisuwa. Ta san Nada, ta sha kafenta. Bayan mun gaisa ta huta, ta ce ta ji abin da liman ya ce, kuma ta tuna na taɓa ba ta labarin Ƙulhuwallahu.

"Uwarta Musulma, kuma kin ji ta da kunnenki tana karanta tauhidi. Me ya rage? Ki je ki ce wa liman kin shaida. Gobe mu uku mu wanke ta, a sallace ta, a sa ta cikin Musulmi. Gata za ki yi mata, ƙanwata."

Na ce Hajiya, ta gaya mini da bakinta ba ta yi imani ba.

"Wa ya san abin da ta cika da shi? Ke dai faɗi abin da kika ji, ki bar sauran."

Na ce in na faɗi rabi na ɓoye rabi, shaidar zur ce a gaban liman, kuma ita ta roƙe ni kada a sa ta a kowane ɓangare.

"To, sai ki bar ta ga mutanen kamfanin jana'iza, aikinsu ne."

Na ce na yi mata alkawari zan wanke ta.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hannun da ke wanke matan Musulmi amana ne, in na kai shi can mutane ba za su tsaya bambance wane irin wanka na yi ba, kuma ita ba za ta iya sake kirana ba, don dangin mamata ba za su yarda ba. Ta ce in zaɓi ɗaya, ko in shaida mu tafi tare, ko in zauna gida. Na raka ta har bakin matakala ina riƙe da jakarta.

Babanku ya dawo daga hanya kafin magariba, na zayyana masa. Ya fita ya tambayi wani malami da ya yarda da shi, ya dawo ya ce malam ya ce wankan sunna da salla babu su ga wanda ba Musulmi ba, wannan ba gardama. Amma tsabtace jikin maƙwabciya da suturta ta, ya ce shi bai ce in yi ba, bai kuma iya cewa na yi zunubi ba. Babanku ya cire hula ya shafa kai.

"Ni dai ƙaryar ce ba na so. Sauran, ke kika yi alkawari, ba ni ba. Ƙarfe nawa zan kai ki?"

Da safe na dafa ruwa. Na ɗauko magarya, na tsaya, na mayar da ita, ita da kafur, don na wankan sunna ne. Na shiga ɗakin Nada da makullin da ke hannuna shekara tara, na tsinko ɗoɗɗoyar da take shukawa a tukunya a bakin taga, na zuba a ruwan. Ƙarfe goma muna gidan ajiye gawa, ni da Vesna, babanku na jira a mota. Vesna ta ga gawa ba adadi a aikinta, amma da ta ga uwarta sai ta kasa taɓa ta. Na ce mata ke dai zuba, ni zan wanke. Na rufe Nada da zanena daga ƙirji zuwa gwiwa, na surka ruwan, na tsoma gwiwar hannu. Ban yi niyya ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannuna, don ya saba, da kansa ya nufi fara mata alwala, sai da na janye shi na riƙe shi da ɗayan. Amma da dama na fara, wannan ban iya sauya shi ba, ban san wata hanyar ba. Na wanke ta sau uku. A yatsunta na ga layukan da zaren masaƙa ya bari, da ban taɓa lura da su ba duk shekarun da take miƙo mini kofi. Ni nakan gaya wa mamaciya abin da zan yi kafin in yi, zan juya ki, zan ɗaga hannunki. Ita da kalmarta na yi mata, wadda takan ce wa Sani in yana gudu a matakala, polako, wato sannu a hankali. Vesna ta ji, ta fara kuka, amma ba ta daina zubawa ba. Gashin ya yi gajarta ga kitso uku, na taje shi kawai. Ba likkafani. Shuɗiyar rigarta ta ɗaya ga Mayu muka sa mata, Vesna ta sa jan fasfon a aljihu.

An binne ta a maƙabartar gari, a ɓangaren kowa da kowa. Ba a yi salla ba, ba ni ba, ba wani ba. Ni ina can baya wajen bishiya, ban ma matsa ba. Tsofaffin ƙasarsu kamar goma sha biyu suka zo, wasu suka tsaya ta nan wasu ta can, ba su gaisa ba. Da aka gama aka rasa gidan da za a je, don na wannan ba zai shiga gidan na wancan ba, sai babanku ya ce a zo namu. A ɗakin nan suka zauna a matse, gwiwa na gugar gwiwa, na yi musu kafe a tukunyarta, na zuba ɗaya fiye da yawansu. Wani tsoho ya ga kofin, ya rufe fuska da hularsa. Kafin su tashi na ji suna tambayar juna wace unguwa, wace masaƙa. A kan dutsenta Vesna ta sa aka rubuta sunanta, a ƙasa kuma sunan ƙasar da babu ita.

Hajiya Zeinabu ta cika maganarta, ba a sake kirana ba. Wasu suka ce na yi wa kafira wankan sunna da salla, wasu kuma suka ce na hana Musulma salla don taurin kai, kuma na ga mace ɗaya ta faɗi duka biyun a wuri biyu. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo. Bayan shekara uku Aishatu ta rasu, Tanti Aishatunku, wadda muka taso unguwa ɗaya a Birnin Damagaram, muka hau jirgi ɗaya zuwa ƙasar nan. Mun sha yi wa juna alkawari duk wadda ta riga, ɗayar ta wanke ta. Na dafa magarya na cika tarmos na je. Yayarta ta tare ni a ƙofa, ta gaishe ni da kyau, ta ce an riga an samu mutum uku. Na zauna a kan benci a waje da tarmos huɗu a ƙafafuna, ina jin ƙarar famfo ta bango. Alkawari ɗaya ya ci mini ɗaya. In kun taɓa ganin na yi shiru in an ambaci Aishatu, dalilin ke nan. Kuma duk da haka, in aka mayar da ni ranar Talatar nan, ban ga inda zan taka dabam ba.

To, ga abin da za ku faɗa in an sake ajiye muku cokali. Uwarku ba ta yi wa Nada wankan sunna ba, ba ta yi mata salla ba, ba ta kuma shaida abin da ba ta sani ba. Ta wanke maƙwabciyarta da ruwa mai ɗumi. Inda Nada take yanzu ba ni da sani, ba ku da shi, mai cokalin ma ba ta da shi. Kada ku riƙe ƴaƴan Hajiya Zeinabu da komai, ku gaishe su inda kuka gan su.

Saura ɗaya. Vesna har yau tana zuwa duk ɗaya ga Mayu da ƙullin kafe. Bara, muna zaune, ta ce mini ranar da tawa ta zo ta san ba za ta shiga ɗakin ba, Musulmi ne za su wanke ni, haka ya kamata. Amma ta roƙi a bar ta ta dafa ruwan ta kawo har ƙofa. Na ce to, kuma wannan karon na auna kafin in faɗa. Rabi, ke ce babba. Ki kira ta tun kafin ki kira kowa, don daga Paris za ta taso. Magarya tana cikin gwangwanin biskit na saman firigo. In wata ta tsaya a ƙofa ta ce ba a karɓar ruwa daga hannunta, ki fita da kanki ki karɓa, ki tsoma gwiwar hannunki, ki shigo da shi.